Yaron Inna da Wasan Ƙarshe

Tsarnawa, watan Maris 1972
Daga Tsahara, da hannun Labo tsohon soja mai rubuta wasiƙa
Zuwa ga mai gidanta Iliyasu Mahamman, babbar lakwal ta koyon malanta, Yamai

Salamu alaikum, Dogo. Ina gaishe ka da karatu, da baƙunta, da zahin Yamai. Mu nan lahiya lau, sai rana. Inna na zaune kusa da ni bisa tabarmar Labo, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, don Bawa direban motar siminti ya ce ka ƙara tsawo ka rage hwaɗi. Na ce mata Inna, ai haka kika haihe shi, tun muna yara gidan Kaka shi ake aike ɗauko abu bisa rumbu ba tsani.

Bawan nan ya kawo muna wani labari. Wai ya je kai maka saƙo ya iske ka da ɗan guntun wando gaban mutane, kai da wasu ƙatti, kuna korar ƙwallo da hannu kuna jehwa ta cikin kwando, kwandon kuma ba gindi. In ta shiga ta bisa sai ta hwaɗo ta ƙasa, ku sake bin ta da gudu. Inna ta ce ƙarya shike, ɗanta karatu ya tahi. Ni na ce gaskiya ne, na san aikin taubashina. Ka hwaɗa muna da kanka, don mata sun dame ni da tambaya bakin rijiya.

Rijiyar ma ta yi ƙasa, sai an ƙara igiya. Jar akuya ta haihu biyu.

Sannan baƙon dauro ya shigo unguwa. Gidan Saratu yara biyu na kwance. Yaron Inna ma jikinai da zahi tun shekaranjiya, hanci na zuba, ido ya yi ja. Labo na tambaya wai wane yaro, kamar bai ci naman sunanai ba. Wanda nike goyo. Inna ta ce ya isa haka, ɗiyar kirki ba ta zancen ɗan hwari gaban maza, in wuce zuwa wata magana. To na wuce.

Ba wata magana. Ka ba Bawa amsa in zai komo Malbaza. Allah shi tsare.

*

Yamai
Daga Iliyasu zuwa gida

Gaisuwa mai yawa ga Inna, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tsahara, na ga saƙonki, na kuma ga rashin kunyarki. Labo, ka karanta a hankali yadda Inna za ta ji.

Bawa bai yi ƙarya ba. Sunan wasan basket. Mutum biyar nan, biyar can, kowane gefe da kwandonsa rataye bisa ƙarfe, ya fi tsawon zaurenmu. Ba a gudu da ƙwallo riƙe a hannu, sai ana buga ta ƙasa. Wanda ya fi jefawa ta shiga shi ya ci. Gindin kwandon da kike dariya, da gangan anka cire, in ba haka ba kullum sai an nemo tsani, ni kuma ba kullum nike kusa ba.

Inna, karatu na nan, ban sake shi ba. Mushe, wato malamin da ke koya muna motsa jiki, shi ne ya gan ni ranar da na zo, ya zagaye ni kamar mai sayen raƙumi, ya ce wannan nawa ne. Bana gwamnati ta sa kofi tsakanin manyan lakwal na ƙasar nan duka, ba a taɓa yi ba sai bana. Munka ci na Doso, munka ci na Tawa, makon jiya munka tafi Maraɗi bayan kamiyo, motar kaya, munka ci su a gidansu, har sunka hana mu ruwan sha. Saura wasa guda, wasan ƙarshe, mu da 'yan Damagaram, nan Yamai, Asabar ta sama. Suna da wani Mohammed, an ce in ya miƙa hannu yana taɓa bakin kwando. Ni anka ce in tsare shi. Duk wanda ya ci, sunan lakwal ɗinsu za a fara rubutawa jikin kofin, kuma ko bayan shekara ɗari shi ne na fari.

Da asuba muke fita gudu, da la'asar filin wasa, tsakani aji. In na kwanta ko juyi ba ni yi.

Ku gaida mutanen gida duka, manya da yara. Mai zazzaɓi Allah ya ba shi sauƙi. Inna ta fi mu sanin yara, abin da ta ce shi za a yi.

*

Tsarnawa
Daga Tsahara, da hannun Labo

Dogo, ina gaisuwa. Inna na nan, tana gaishe ka, ƙahwar da sauƙi. Wasiƙarka ta iso, Labo ya karanta muna. Wurin raƙumin nan Inna ta yi dariya. Wurin ƙarshe kuma ta sa ya maimaita, ta ce in buɗe kunne in ji abin da mijina ya ce. Na ji.

Allah shi ba ku sa'a bisa Damagarawa. Ni dai ban gane komi ba sai tsaron Mohammed, to ka tsare shi.

Baƙon ya hito ma yaron Inna, tun daga bayan kunne har ciki da baya. Inna ta ce ba a mishi wanka, ba a hita da shi iska, ta rataya zangarniyar dauro bakin ƙohwa, tana ba shi jiƙo sahe da marece. Ina yin yadda ta ce. Ɗakin a ruhe shike.

Gidan Saratu an yi rasuwa, ka sa su cikin addu'a. Inna ta ce kar in cika maka wasiƙa da abin da zai ɗaga maka hankali kana karatu.

Akwai abin da nike roƙo. Ka bar ni in je Ƙonni in gaida Umma. Na kwan biyu ban ga uwata ba. Ba nisa, mota na wucewa kullum bakin hanya, in je da goyona in komo. Inna na kallo na. Na ce gaisuwa ce kawai, Inna. Ta ce ba ta hana ni ba, ba ta kuma bar ni ba, ina da miji.

To kai ne mijin. Ka ce in tahi. Labo, ka sake rubuta wannan. Ka ce in tahi.

*

Yamai
Daga Iliyasu

Gaisuwa ga Inna da kowa. A tsaye nike rubutu, Bawa na jira bakin ƙofar lakwal, bai ko kashe mota ba.

Allah ya jiƙan wanda ya rasu gidan Saratu. Tsohon ne? Dama ya jima kwance.

Tun da baƙon ya fito fili, na ji ana cewa sauƙi ya samu ke nan. Alhamdu lillahi.

Maganar Ƙonni, Tsahara, ki yi haƙuri. Bai kyautu ki bar Inna ita kaɗai da ɗibar ruwa cikin wannan zafi ba. Hutu ya kusa. In munka gama wasa da jarrabawa zan zo in kai ki da kaina, Umma ta gan mu tare, in kuma Allah ya ba mu kofi in ba ta labari ta sha dariya. Umma ba inda za ta.

Na ɗan murɗe ƙafa jiya, an ɗaure, ba komi. Ku yi muna addu'a ranar Asabar.

*

Tsarnawa, ranar Juma'a
Daga Tsahara, da hannun Labo

Dogo, ba gaisuwa yau. Amsarka ta kwana hanya, motar Bawa ta lalace Dogon Dutsi, sai jiya ta iso.

Inna ta tahi sadakar bakwai gidan Saratu. Na aika anka kira mini Labo nan zaure, ni da shi kaɗai, ga yaron bisa cinyata. Abin da zan hwaɗa ban taɓa hwaɗin shi ba. Labo, rubuta.

Sallau.

Labo ya aje alƙalami shina kallo na. Ɗauki, Baba Labo, kai ka je yaƙi, wannan ba zai kashe ka ba.

Sallau ba shi da lahiya. Ɗana, ɗanka. Ba tsohon gidan Saratu ne ya rasu ba, tsohon na nan shina shan hura. Ƙaramin yaronta ne, sannan babban ya bi shi. Dukansu baƙon ya hito musu hili kamar yadda kake murna. Ba a nan shike kashewa ba, sai in ya sauka ƙirji.

Ya sauka ƙirjin Sallau. Idonai a liƙe, in na goge da ruwan ɗumi sai su sake liƙewa. Baki duk gyambo, in na sa mishi nono sai shi kama shi saki. Zawo ba ya tsayawa. In shina numhwashi nan ƙasan haƙarƙari na shiga ciki kamar ana ja da zare. Labo na jin ƙarar yanzu. Na ce shi rubuta maka ita, ya ce ba shi da baƙin da ake rubuta wannan.

Ba Umma nike son gani ba. Gidan Umma na bayan gidan likita, shi ke nan dalili. Ta yaya zan hwaɗi haka Inna na zaune? Na zaci kai mai karatu za ka gane. Matar mushen lakwal ɗin garin nan ta kai tata ɗiyar likitan Ƙonni tun ranar da ta soma tari, ga ta can tana korar kaji.

Kar ka ga laihin Inna. Ba ta barci, ita ke riƙe da shi in na gaji. Ta ce allura ke maida baƙon ciki, ta ce haka anka yi ma ƙanenka Baƙo shekarar da masu allura sunka zo, bai kwana uku ba. Ta ce ba za ta sake miƙa wani da hannunta ba. Kuma yanzu tana da maganarka, abin da ta ce shi za a yi.

Jiya na goya shi na kai har nan zaure, na komo. Ba direban da zai ɗauki matar aure da ɗa a wannan hali in ya ji ba da sanin gida ba. Ko ya ɗauka, in yaron ya cika hanya, ko bayan allura, za a ce ni na kashe shi da taurin kai. Da wane ido zan dubi Inna, da wane zan dube ka? Ina jin tsoro in tahi, ina jin tsoro in zauna.

Kai ma na san kunyar nan kake yi. Tun da anka haihe shi ba ka taɓa ɗaukar shi gaban mutane ba, sai in ba kowa ka ɗora shi bisa wuya. Ni na aje tawa yau gaban Labo. Ka aiko da magana guda wadda Inna ba ta iya juyawa, da sunanai a ciki.

Bawa zai tashi da marece, gobe Asabar shina Yamai. Ya ce ba ya komowa sai Talata. Na duba yaron nan, Dogo, ban ga Talata jikinai ba. Amma ba ni da wata hanya sai wannan.

*

Yamai, ranar Lahadi
Daga Iliyasu

Tsahara. Inna, ina gaisuwa, ki gafarce ni.

Ban san halin da wannan takarda za ta iske ku ba. Na ba wani direban da ke tashi yau, ban jira Bawa ba.

Bawa ya iso jiya muna cikin fili, ana shirin farawa. Jandarma sunka hana shi shiga, ga shi fari fat da siminti, ya tsaya bakin ƙofa yana kiran Dogo na Tsarnawa har na ji. A tsaye na karanta. Na tambayi mushe ko akwai motar da za ta gabas yanzu, ya ce babu sai gobe. Gidan waya a rufe, ko a buɗe yake ma Tsarnawa ba waya. Sai anka busa usur.

Fili cike, manyan gwamnati bisa kujeru, 'yan lakwal da ganguna, mutane har bisa katanga da itace. Ni ba abin da nike gani. A miƙo mini ƙwallo ta zame. Mohammed ya bi ta kaina ya jefa, ya sake, ya sake. Ya ce mini ɗan'uwa, barci kake? Kafin hutun tsakiya sun yi muna nisa, 'yan lakwal ɗinmu sun bar kiɗa.

Muna zaune muna shan ruwa, mushe na ta faɗa, sai ga mutumin radiyo da igiyarsa. Ashe wasan ake sawa kai tsaye. Yana bin 'yan wasa su gaida gida, wani da Zabarmanci, wani da Hausa. Ya miƙo mini bakin abin ya ce, Dogo, mi za ka ce ma mutanen Tsarnawa? Ga abin da na ce, in ba a ji ba to Labo ya karanta shi da ƙarfi:

Ni Iliyasu ɗan Mahamman na Tsarnawa. Inna, ɗana Sallau ba shi da lafiya. A kai Sallau likitan Ƙonni yau, kar a kwana. In an ce allura a yi mishi. Ni ubansa na ce, abin da ya faru a wuyana. Duk wanda ya ji ya je gidanmu ya faɗa.

Mutumin ya janye abinsa ya yi 'yar dariya, ya koma Faransanci.

Bayan nan ban san abin da ya shige ni ba. Hannuna ya dawo. Na tsaya gaban Mohammed ban sake ba shi hanya ba, in ya jefa in doke, in ta faɗo ni ke ɗauka. Munka bi su a hankali har munka yi kai ɗaya. Dab da tashi wani ɗan guntu cikinmu, Umaru, wanda ko kafaɗata bai kai ba, ya kutsa ta ƙarƙashin hannuwansu ya jefa. Ta zagaya bakin kwando ta faɗa. Da wannan munka ci. Kofin bai fi tulun yara ba. An ɗaga mu sama, an zagaya gari da mu, ni ina ta tunanin ko akwai wanda ya buɗe radiyo a Tsarnawa da tsakar rana.

Yau diraktan lakwal ya kira ni buro, ofishinsa, ya ce radiyon ƙasa ba ta saƙon gida ba ce. Ya ce kuma wanda ya tafi kafin jarrabawar Alhamis ya tafi ke nan. Daga ɗakin jarrabawa zan wuce tasha. Abokaina sun sa mini suna Baban Sallau, ban hana su ba.

Ku aiko mini da gaskiya, ko wace iri ce.

*

Birnin Ƙonni, ranar Litinin
Daga Tsahara, da hannun Labo

Dogo, ina gaishe ka. Daga Ƙonni nike magana, gindin itacen bedi na gidan likita. Ban ga wata takarda taka ba, in ka aiko tana can Tsarnawa.

Shina da rai. Na hwara da wannan don kar ka yi ta tsallake layi.

Ranar Asabar mushen lakwal ya ji an ce za a sa wasanku, sai ya ɗauko radiyonai ya aje ƙohwar gidanmu, wai don girmama Inna. Maza sunka cika tabarmi har bakin hanya, mata cikin zaure. Duk Hwaransanci ne, mutumin na magana kamar ana korar shi, mushe na juya muna. Ya ce an jehwa muku. Ya ce an sake. Ya ce Dogo ya saki ƙwallo. Wani ya ce tsawon banza. Ni ina ɗaka da yaro, ina jin su sama-sama.

Sai na ji muryarka. Na san ta tun ba ka gama sunan Baba ba. Da ka ce ɗana Sallau, kowa ya waiga ya dubi Inna. Sannan liman ya ce a'uzubillahi, boko ya gama da yaron nan. Samari sunka sa dariya. Saratu na zaure, ita ba ta yi dariya ba, ta ruhe huska da zane.

Inna ta aje tasbahar da ke hannunta. Sannan ta tashi ta shigo ɗaka. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauke shi daga cinyata ta goya da kanta, ta lulluɓa mishi mayahi, ta ce ɗauko buta da ƙwarya. Ta ce tun da ubanai ya saida kunyatai gaban duniya, ba ita za ta zauna gadin ta ba. Ta ratsa ta tsakiyar mazan nan da ƙahwarta mai ciwo, sunka janye tabarmi. Labo ya riga mu bakin hanya, ya tsaya tsakiyar kwalta ya ɗaga hannu irin na soja, motar albasa ta tsaya. Shi ya rako mu, har yau bai koma ba.

Likita ya yi hwaɗa, ya ce mi ya sa sai yanzu. Da anka zo allura na miƙa hannu in karɓe shi, Inna ta ƙi. Ita ta riƙe shi, ta juya huska bango tana karatu har anka gama. Kullum haka take yi, sahe da marece.

Yau da sahe ya kama nono bai saki ba. Ƙirjin ya rage ja. Idon dama ya buɗe. Na hagu akwai wani hwarin abu a ciki, likita na sa magani, ya ce ba ya yi muna alkawari. Na hwaɗa maka don kar ka zo ka gani ba shiri. Umma na kawo muna abinci.

Inna ba ta yi mini magana tun ranar, don Labo ya hwaɗa mata ni na aika. Sai dai ta dubi yaron ta ce, kai, gaya ma uwarka ta ci tuwo. Ni kuma in ce mishi gaya ma Inna na gode. Haka muke. Sunan kuma na maida shi inda shike, rana guda ta ishe ni, ya koma yaron Inna. Kai ne ba ka da wurin ɓuya, an ce har Malbaza an ji ka.

Ka zo da sabulu in za ka zo, likita ya ce a yi mishi wanka, Inna ta ce sai dai in ita za ta yi.

Mun baro radiyo na ta magana ƙohwar gida, ba wanda ya biyo mu da labari, nan kuma kowa ta kanai shike. Ga Inna nan ta duƙa tana gaya ma yaro shi gaya ma uwatai ta tambaye ka, ba wai don ta damu ba. Wa ya ci?